Shaida a Kan Wanda Ba Ya Iya Amsawa

Matafiyin da ya tashi daga Sokode ya nufi arewacin ƙasar Togo, bayan ya wuce Kara, ya ƙetare kogin Oti a Mango, zai iske garin Bombouaka kafin ya kai Dapaong. A wannan yanki ne tudu yake yankewa farat ɗaya, ya zama gangaren dutse mai tsayi wanda fuskarsa take duban arewa. A jikin gangaren akwai kogwanni, cikin kogwannin kuwa akwai rumbuna da aka gina da laka da ciyawa da duwatsu, waɗansu kewayayyu, waɗansu masu tsawo. An ƙidaya 134 a kogon Nok, da 113 a Mamproug, da 70 a Bopak. A shekarar 2000 gwamnatin Togo ta sa su cikin jerin wuraren da take so hukumar UNESCO ta lissafta cikin gadon duniya.

Kowane manomi ya san cewa rumbu a cikin gida ake gina shi, inda uwargida za ta iya ɗiban hatsi da safe. Me zai sa mutum ya ɗauki gero da dawa a ka, ya sauka da su ta inda santsi ɗaya zai iya zama ajalinsa? Mutanen Moba, mazauna wannan ƙasa, sun riƙe labarin cewa kogwannin mafaka ne, inda aka riƙa ɓuya a kwanakin hari tsakanin ƙarni na 17 da na 19. Amma rumbun kansa bai ce kome ba. Waɗanda suka gina shi sun daɗe da mutuwa, ba su kuwa bar rubutu ba. Duk abin da za a faɗa a kansu, wani ne zai faɗa.

Taron da ake yi wa dariya

Can nesa, a ƙasar Birtaniya, akwai wani taro da masu binciken kufai suke yi kowace shekara a watan Disamba. Masu binciken kufai su ne masanan da suke tona tsofaffin mazaunai, suna karanta tarihi daga tsingaro da toka da ƙashi. Ana kiran taron TAG a taƙaice. Colin Renfrew da Andrew Fleming suna cikin waɗanda suka kafa shi, an kuma yi babban zamansa na farko a Sheffield a 1979. Abin da ya bambanta shi da sauran taruka shi ne, manufarsa ba ta tsaya ga nuna sabon abin da aka tono ba. Ana zuwa ne a yi gardama a kan ra'i, watau hanyar tunanin da mai bincike yake bi daga abin da ya gani zuwa abin da ya faɗa.

Mutumin kasuwar Bombouaka in ya ji wannan, mai yiwuwa ya yi dariya. Zai ce, ga rumbuna suna farfashewa, ga manya masu sanin labari suna mutuwa, masana kuwa sun taru cikin ɗaki mai ɗumi suna musu a kan yadda ake tunani. Dariyarsa tana da dalili, gama akwai jawabai a irin waɗannan taruka da ko masana kansu suke gunaguni a kan duhun kalmominsu. Duk da haka tambayar da take ƙarƙashin musun ba ta wasa ba ce. Ga ta: wanda ya buɗe baki a kan matattu, wane hakki ne yake wuyansa?

Amsar ita ce, mai binciken kufai mai ba da shaida ne. Yana tsaye gaban duniya yana cewa waɗannan mutane haka suke, haka suka yi, saboda kaza suka yi. Mai rai in an yi masa ƙarya yakan tashi ya kare kansa, ya kira shaidunsa. Matacce ba shi da wannan hali. Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci kuwa ba ta ce maƙwabtaka tana ƙarewa a bakin kabari ba. Saboda haka mai shaida a kan matattu yana bukatar ya binciki idonsa fiye da kowane mai shaida, taron ra'i kuwa wurin wannan bincike ne.

Rumbu ɗaya, idanu uku

Ba wanda yake isa bakin kogo da kai fanko. Kowa yana zuwa da tambayarsa, tambayar kuwa ita ce take zaɓar abin da zai gani.

Masanan farkon ƙarni na 20 sun fi son tambaya ɗaya: wace kabila ce ta yi wannan, daga ina kuma ta zo? Irin wannan masani in ya shiga kogon Nok zai dubi siffar rumbu da zanen tukunya, ya gwada su da na waɗansu wurare, ya ja layi a taswira ya ce ga hanyar da fasahar ta biyo. Amfanin wannan hanya shi ne tana shirya abubuwa bisa ga zamani da wuri. Haɗarinta kuwa shi ne, takan ɗauka cewa kowane abin kirki daga waje aka kawo shi.

A 1962 wani Ba'amurke mai suna Lewis Binford ya rubuta maƙalar da ta buɗe sabuwar hanya. Shi da mabiyansa suka ce a daina tsayawa ga jera kaya, a nemi dalili, a auna, a gwada zato kamar yadda ake yi a sauran fannonin kimiyya. Almajirin wannan hanya zai auna cikin kowane rumbu, ya lissafta hatsin da zai ci, ya raba da abin da mutum ɗaya yake ci a wata, domin ya san yawan mutanen da za su iya zama da tsawon kwanakin da za su iya jimrewa. Zai nemi inda ruwa yake. Wannan aiki mai kyau ne, gama yana hana mutum faɗin abin da ya ga dama. Amma yana iya mai da mutane su zama baki da ciki kawai.

Daga baya Ian Hodder na Jami'ar Cambridge ya zauna cikin mutanen yankin tafkin Baringo a Kenya, yana lura da kayan adonsu da ƙorensu da masunsu. Cikin littafin da ya fitar a 1982 ya nuna cewa kaya suna ɗauke da ma'ana, mutane kuma suna amfani da su domin su nuna ko su wane ne, su ja iyaka tsakaninsu da waɗansu. Mai bin wannan hanya zai tambaya: rumbun nan na gida ɗaya ne ko na dukan zuriya? Wa yake da ikon buɗe shi, miji ko mata? In hatsi ya yi kaɗan, wa ake fara ba? Wa aka bari a ƙasa sa'ad da aka gudu, tun da tsoho da gurgu ba su iya wannan sauka? Tambayoyin nan suna mayar wa matattu da mutuntakarsu. Haɗarin kuwa shi ne mai bincike ya zuba nasa tunani cikin kansu, ya kira shi nasu.

Kowane ɗaya daga cikin ukun ya ga gaskiya, ba kuwa wanda ya gan ta duka. Wanda ya san irin idon da yake kallo da shi zai iya yin hattara. Wanda yake cewa shi ba shi da ra'i, abin da ya gani kawai yake faɗa, shi ne mafi haɗari, gama ra'insa yana jan ragamarsa bai sani ba.

Shaidar zur ta raini

Afirka ta riga ta ɗanɗana abin da irin wannan makanta take haifarwa. A 1871 wani Bajamushe, Karl Mauch, ya isa ganuwar dutse ta Babbar Zimbabwe. Tun kafin ya auna kome zuciyarsa ta riga ta yanke cewa baƙar fata ba zai iya irin wannan gini ba, sai ya danganta shi da Sarauniyar Sheba. Daga 1902 aka ba Richard Hall kula da wurin. Domin yana neman alamun baƙi daga nesa, sai ya kwashe ƙasa mai yawa wadda take cike da kayan mazaunan wurin, ya zubar a kan cewa shara ce. Ra'insa ya sa shi halaka shaidar da za ta ƙaryata shi. Haka kuma a 1910 Leo Frobenius ya ga kawunan Ife a ƙasar Yarabawa, kyansu ya ba shi mamaki, ya ce ragowar ɓatacciyar ƙasar Atlantis ce.

Wannan ƙarya ba ta tsaya cikin littattafai ba. In an ce kakannin mutum ba su gina kome ba, an sauƙaƙa ƙwace ƙasarsa. Ta yaya aka gyara? David Randall-MacIver ya tona a 1905 ya ce ginin na 'yan Afirka ne. Gertrude Caton-Thompson ta sake tonawa a hankali, hawa bisa hawa, ta kai sakamakonta gaban taron masana kimiyya da aka yi a Afirka ta Kudu a 1929, ta tabbatar da haka gaban mutanen da da yawansu ba su so su ji ba. Duk da haka gwamnatin tsirarun Turawa ta Rodeshiya ta ci gaba da matsa wa masu faɗin gaskiyar, har Peter Garlake, mai duba wuraren tarihi na ƙasar, ya bar ta a 1970. A 1980 ƙasar ta sami 'yanci ta ɗauki sunan ganuwar. Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya, amma furen nan ya kai shekara ɗari kafin ya kaɗe.

Shaidar zur ta ƙauna

Akwai wata irin shaidar zur wadda ta fi wuyar ganewa, domin daga ƙauna take fitowa. Ita ce ta wanda yake so kakanninsa su fito da girma ko ta halin ƙaƙa.

Ga ƙaramin misali. Mai karatu a Nijeriya da ya ji sunan kogon Nok zai tuna da ƙauyen Nok na kudancin jihar Kaduna, wanda aka sa wa shahararrun siffofin yumɓu sunansa tun binciken Bernard Fagg a shekarun 1940. Zuciya za ta so ta haɗa su biyu, ta ce ai al'umma ɗaya ce ta yaɗu daga can zuwa nan. Amma siffofin Kaduna sun wuce shekara 2,000, rumbunan Togo kuwa na ƙarnukan baya-bayan nan ne. Kama da wane ba ta wane. Sunan da ya yi daidai ba hujja ba ne, ko da labarin zai yi daɗi a kunne.

Ga kuma babban misali, wanda ya taɓa kowa. Daga wa aka ɓuya a kogwannin nan? A ƙarni na 18 mayaƙan Anufo, waɗanda ake kira Cakosi, suka zo daga ƙasar Ano da take cikin Kwaddibuwa ta yau, bayan sun yi wa sarakunan Gwanja da na Mamprusi aikin yaƙi, suka kafa zama a bakin Oti. Daga nan suka riƙa kai hari, suna karɓar gandu daga Moba da maƙwabtansu. Garin nasu kuwa da sunan Hausa ya shahara, Sansanin Mango, gama zango ne a kan hanyar fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Salaga. Wata hanyar ta bi ta Jugu da Sokode. Fatake sukan kawo kanwa da tufafi da dabbobi su koma da goro, bayi kuma suna cikin abin da ake saye da sayarwa a kasuwannin wannan hanya. A ƙarshen shekarun 1890 Jamusawa suka kafa bariki a Mango, suka kawo nasu haraji da aikin tilas.

Yau jikokin dukan waɗannan suna cin kasuwa ɗaya a Dapaong. Kowannensu yana da labarin da zai fi so rumbunan su bayar. Jikan wanda ya ɓuya zai so a ce kakanninsa ba su taɓa kama kowa ba, ba su taɓa miƙa maƙwabci domin su tsira ba. Jikan mayaƙi zai so a ce an ƙara wa labarin gishiri. Jikan falke zai ce kakansa ciniki kawai ya yi, ba shi da hannu cikin hari, ya manta cewa mahari ba ya kama abin da ba shi da mai saye. Baturen mulki kuma ya rubuta cewa shi ne ya kawo salama, bai ambaci bulalarsa ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Mai shaida na gaskiya ba zai yi wa matattu ado domin ya faranta wa masu rai ba, ba kuwa zai ɗora wa jikoki laifin kakanni ba. Girmamawar da ta dace da matattu ita ce a bar su su zama mutane, masu tsoro da jaruntaka da kuskure.

To, ashe babu gaskiya?

Wani zai ce, tun da kowa da idonsa, ashe kowane labari daidai yake da ɗan'uwansa, mai ƙarfi ne kawai yake cin nasara. Waɗansu masana sun kusa faɗin haka. Amma wannan kuskure ne, kuma kyauta ce ga azzalumi. Da a ce duk labarai ɗaya suke, da Caton-Thompson ba ta da abin da za ta ce wa mabiyan Mauch.

Ƙasa tana da taurin kai. Rumbunan kogon Nok ba za su zama dubu ba domin wani yana so su zama. Gawayi ko ƙwayar hatsin da ta ƙone ana iya auna shekarunta ta hanyar da Willard Libby ya ƙago a ƙarshen shekarun 1940, awon kuwa bai san kabilar mai bincike ba. Tsingaron da yake ƙarƙashi ya riga wanda yake bisa, in ba a dama ƙasar ba. A yankin Bassar, arewa maso yamma da Sokode, aikin da Philip de Barros ya fara a farkon shekarun 1980 ya nuna tarin kashin ƙarfe na babbar sana'ar narka tama, a Dekpassanware kuma aka sami alamar aikin ƙarfe tun ƙarnuka kafin haihuwar Almasihu. Wanda ya ce mutanen wurin ba su da fasaha, tarin nan zai ƙaryata shi ko da wane ra'i ya zo. Gaskiya tana nan. Abin da babu shi ne mutum ɗaya da ya riƙe ta duka, shi ya sa alƙali mai adalci ba ya yanke shari'a da bakin mutum ɗaya. Amfanin taro ke nan: mai shaida ya tsaya gaban waɗanda suke da ikon ce masa ya yi kuskure.

Kujerar da ba kowa a kanta

Sai dai taro ma yana iya makancewa, in dukan mazaunansa iri ɗaya ne. An yi babban taron farko na masana tsohon tarihin Afirka a Nairobi a 1947 bisa ga kiran Louis Leakey, masu jawabi kuwa kusan dukansu Turawa ne. Sai a 1976 aka kafa ƙungiyar masu binciken kufai ta Afirka ta Yamma. A 1986 aka yi babban taron duniya a Southampton ƙarƙashin Peter Ucko. Masu shiryawa suka hana masana daga Afirka ta Kudu zuwa saboda mulkin wariyar launin fata, abin ya raba kan masana, waɗansu da yawa suka janye. Amma taron ya buɗe ƙofa ga 'yan ƙasashe matalauta da jikokin mutanen da ake tona kufansu. A 1989 ƙungiyar da ta fito daga wannan taro ta amince da yarjejeniyar Vermillion a Amurka, wadda ta ce a girmama gawar kowane mutum, a kuma saurari danginsa da jama'arsa. Togo ma ta haifi nata masana, irin su Angèle Dola Aguigah wadda ta yi tono a Notse da Tado a kudancin ƙasar.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohuwar Moba da ta yi shekara hamsin tana ɗiban hatsi ta san abin da ake sa wa rumbu domin gara da ƙwari, ta san wanda aka hana leƙa cikinsa. Masanin da bai tambaye ta ba ya bar babbar shaida a waje. Amma ita ma shaida ɗaya ce cikin shaidu, gama labarin baka yakan manta abin kunya ya riƙe abin yabo. Adalci shi ne a ji ta, a ji ƙasa, a ji takardun Jamusawa, a gwada kowane da ɗan'uwansa.

Akwai kuma mai kashe shaida. An taɓa samun bakuna da kibau da kwaruruwa cikin kogwannin nan, amma an kwashe su. Haka aka yi wa siffofin Nok na Nijeriya, musamman a shekarun 1990, inda aka haƙe wurare da yawa domin kasuwar ƙetare. Abin da aka cire daga mazauninsa ba tare da rubuta inda yake da abin da yake kusa da shi ba ya zama bebe har abada. Ko tonon masani ma rushewa ne, gama ba a tona wuri ɗaya sau biyu. Saboda haka abin da ya rubuta amana ce ga waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Abin da ya rage ga kowa

Kaɗan ne daga cikin masu karatu za su taɓa riƙe cebur a kufai, amma ba wanda ba ya ba da shaida a kan matattu. Ana yin ta wurin rabon gado, sa'ad da aka ce marigayi ya faɗi kaza. Ana yin ta wurin rikicin gona, sa'ad da aka ce kakan wane baƙo ne. Ana yin ta da dare, sa'ad da ake gaya wa yara abin da kabilar da take ƙetaren rafi ta yi wa tasu. Daga irin wannan shaida jini ya sha zuba. Abin da ake bukata daga masani shi ne ake bukata daga kowa: ya raba abin da ya gani da abin da ya ji da abin da yake zato, ya san inda zuciyarsa take karkata, ya yarda a gyara shi gaban jama'a, ya yi shiru inda hujjarsa ta ƙare.

Mutanen da suka sauka gangaren Bombouaka da hatsi a ka sun yi haka domin 'ya'yansu su rayu, 'ya'yan kuwa sun rayu, ga jikokinsu suna noma a ƙarƙashin dutsen. Abin da suka ajiye sun ajiye shi da aminci. Wajibi ne wanda zai ba da labarinsu ya riƙe shi da irin wannan aminci.